Sonata ta farko: Mozart, ƙaramar Beethoven, ko mai hasken wata?

Duk wanda ya shekara ɗaya ko biyu yana koyon karanta rubutun kiɗa a fiyano, ko a coci ya fara, ko a situdiyo, ko shi kaɗai da wayarsa, akwai ranar da zai gaji da gajerun darussa ya ce shi ma sai ya kaɗa sonata cikakkiya. Sunaye uku ne suka fi faɗo wa mutum a ranar: ta Mozart mai lamba K. 545 a jerin ayyukansa, ta Beethoven mai lamba Op. 49 ta biyu (Op. lambar aiki ce), da wadda ta fi su suna, Op. 27 ta biyu, wadda ake yi wa laƙabi da mai hasken wata. Mutanen biyu duk a Biyana, babban birnin Ostiriya, suke zaune sa'ad da suka tsara su, tsakanin 1788 da 1801. Amma ba mutum iri ɗaya aka yi wa kowacce ba, kuma biyu daga cikinsu sunansu yana yaudarar mai koyo.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, sonata kiɗa ne zalla, babu murya, an kasa shi babi biyu zuwa huɗu. Bisa al'ada babin farko mai sauri ne: a gabatar da kari biyu, a jujjuya su a kai su wurare, sannan a dawo da su gida. Na tsakiya a hankali yake tafiya, na ƙarshe kuma mai walwala.

Abin da zan auna da shi

Na farko kuɗi. Takardar ba ita ce matsala ba. Mozart ya rasu a 1791, Beethoven a 1827, haƙƙin mallaka ya daɗe da faɗuwa, ana sauke duka ukun kyauta daga rumbun IMSLP a intanet, ka kai shago a buga maka. Mai son bugu tatacce, wanda masana suka kankare ƙarin da masu gyara suka yi ta cusawa daga baya, akwai na kamfanin Henle da na Bärenreiter, dukansu na Jamus, sai dai da kuɗin waje ake sayensu. Kuɗin gaske yana wurin abin kaɗawa.

A nan sai an ɗan tsaya. Abin da yawancinmu ke kira fiyano shi ne na lantarki mai maɓalli 61, irin Yamaha PSR da ya cika situdiyoyin Kano da majami'un Jos da Kaduna. Fiyanon Biyana na wancan zamani ma maɓalli 61 gare shi, jikinsa katako, gudumominsa an naɗe su da fata, sautinsa siriri ne mai saurin mutuwa. Wanda Anton Walter ya ƙera, wanda Mozart ya mallaka, har yau yana ajiye a Salzburg. Adadi ɗaya, amma ba wuri ɗaya suka fara ba. Nasu daga sautin F ya fara ya ƙare a F (da haruffa ake kiran sautuka), naka daga C zuwa C. Wato suna da maɓalli 7 a ƙasa, ta wajen kauri, waɗanda kai ba ka da su, kai kuma kana da 7 a sama waɗanda sonatocin nan ba sa taɓawa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu sauƙi: wuyar karatu, wuyar yatsu, da tsawon lokacin da za ta ci kafin ta kaɗu gaban mutane. Na uku ƙarko, wato abin da za ta bar maka a hannu bayan ka gama ta, da ko za ka so ka koma mata bayan shekara goma. Na huɗu haɗari: ciwon hannu, mugun sabo, da karyewar zuciya, wadda ita ta fi raba mutane da fiyano.

Mozart, K. 545

Ranar 26 ga Yuni, 1788, Mozart ya rubuta a littafin da yake lissafa ayyukansa cewa ya gama 'yar ƙaramar sonata domin masu koyo. Shekararsa 32, kuma ba lokacin daɗi ba ne gare shi. Ostiriya tana yaƙi da Daular Usmaniyya, masu kuɗin da ke cika masa zaure sun ragu, ya kwashe iyali daga tsakiyar gari zuwa unguwar Alsergrund, yana ta aika wa abokinsa ɗan kasuwa Michael Puchberg wasiƙun neman rance. Kwana uku bayan haka 'yarsa Theresia ta rasu tana da wata shida. A wannan rana ta 26 ɗin dai ya shigar da simfoninsa ta 39, kafin tsakiyar Agusta kuma ya gama ta 40 da ta 41, su ne simfoninsa na ƙarshe, wato manyan kaɗe-kaɗe na ƙungiyar makaɗa. Duk wannan nauyi ba ka jin ƙamshinsa a sonatar. Tas take kamar safiya bayan ruwa. Bai ga bugunta ba, sai a 1805 ta fito, shekara 14 bayan rasuwarsa, da sunan sonata mai sauƙi, kuma takardar da ya rubuta da hannunsa ta ɓace.

Ta fuskar kuɗi ba ta da nauyi. A tsakiyar fiyano take yawo, mai maɓalli 61 zai fara ta lafiya, kuma ko ba feda, abin takawa da ƙafa mai tsawaita sauti, za ta kaɗu. Abin da take bukata shi ne fiyano mai jin nauyin yatsa, wanda in ka taɓa a hankali zai yi magana a hankali.

Karatunta ma da sauƙi. Babin farko a kan C mejo yake (mejo jerin sautuka ne mai haske, maino kuma mai duhu), fararen maɓallai ne akasari, gaɓa 73 kacal, wato ƙananan yankunan da ake raba rubutun kiɗa da su. Hannun hagu yana yin wani salo da ake kira da sunan wani ɗan Italiya, Domenico Alberti: ƙasa, sama, tsakiya, sama, ana ta maimaitawa. Gaɓa huɗu na farko kowa yana iya su cikin mako guda, sai mutum ya ɗauka ya ci riba. A gaɓa ta biyar ake gane na ƙwarai. Daga nan hannun dama yake shiga hawa da sauka da gudu, kuma dole kowane sauti ya fito daidai da ɗan'uwansa kamar ƙwayoyin carbi. In babban yatsa ya yi tuntuɓe wajen ratsawa ƙarƙashin sauran, ko wanda bai san kiɗa ba zai ji. Gaba kaɗan akwai doguwar karkarwar yatsa biyu a dama yayin da hagu ke nasa gudun. Farar shadda ce wannan sonata, ɗigon manja ɗaya ya isa. Ana danganta wa makaɗin fiyano Artur Schnabel cewa sonatocin Mozart sun yi wa yara sauƙi, sun yi wa gwanaye wuya, kuma a kan wannan maganar ta fi zama.

Akwai wata 'yar dabara a cikinta da nake so. Sa'ad da karin farko zai dawo, doka ita ce ya dawo kan C inda ya fara. Mozart sai ya dawo da shi kan F. Ɗalibin da ya haddace da yatsu kawai, bai san inda yake ba, a nan yake ɓata hanya gaban jama'a, ya koma farko ya yi ta zagaye.

Babi na biyu, a kan G, shi ne ainihin daɗinta a ganina, kuma shi ne mafi sauƙi. Na uku gajere ne mai tsalle-tsalle, hannuwan suna kwaikwayon juna.

Ƙarkonta babu na biyu. Abin da za ta koya maka, daidaiton yatsu da sauƙaƙa hagu don dama ta yi magana, shi za ka ci a kowane kiɗa na wannan zamani. Haɗarinta kuwa ba na jiki ba ne sosai, na zuciya ne. Mutum ya ga an rubuta mai sauƙi, ya yi wata huɗu ba ta gyaru ba, sai ya ce ashe shi ne dolo. Ba haka ba ne. Masu koyon da Mozart yake nufi 'ya'yan manyan Biyana ne masu malami a gida da fiyano a falo.

Beethoven, Op. 49 ta biyu

Lambar tana ruɗi. A jerin sonatocin Beethoven 32 ita ce ta 20, sai a zaci aikin girma ce. Alhali tun wajen 1795 zuwa 1796 ya tsara ta, yana saurayi ɗan shekara 25, 'yan shekaru bayan ya baro Bonn ta Jamus a 1792 ya zo Biyana karatu wurin babban mai tsara kiɗa Haydn. Bisa dukkan alama don ɗalibai da abokai ya yi ta, ya ajiye. Labarin da ya shahara shi ne ƙanensa Kaspar Karl, wanda ke kula masa da harkar masu bugawa, shi ya miƙa ta tare da 'yar'uwarta ta G maino ba da son ran mai ita ba. Suka fito a 1805, shekara guda da ta Mozart, a birni guda, su ma da sunan masu sauƙi. Hujjar cewa bai yi niyyar fitar da ita ba tana cikin babi na biyu: ya riga ya ɗauki karin ya sa a wani kiɗansa na makaɗa bakwai, Op. 20, wanda ya yi farin jini ƙwarai tun yana raye.

A nan sunan bai yi ƙarya ba. Babi biyu ne kawai, kamar minti 8, a kan G mejo, baƙin maɓalli ɗaya ne a ƙa'idarta. Gudunta uku-uku ne, ba huɗu-huɗu irin na Mozart ba, kuma yana kwanciya a hannu. Tana da kauri fiye da ta Mozart, saboda haka ƙaramin kuskure yakan sami inda zai laɓe. Wuyarta ɗaya ce ta gaske: sauyawa daga biyu-biyu zuwa uku-uku ba tare da saurin ya canja ba. Kusan kowane ɗalibi yana ƙara gudu in ya shiga uku-ukun. Na'urar ƙidayar bugu, wadda akwai ta kyauta a waya, ita ce maganin.

Wani abin kuma, Beethoven kusan bai sa mata alamar ƙarfi ko taushi ba, shi da aka san shi da cika takarda da umarni. In ka ga bugun da ya cika da irin waɗannan alamu, na mai gyara ne. Ga mai malami wannan dama ce ta koyon yanke shawara. Ga mai koyo shi kaɗai kuwa akwai tsoron ya kaɗa ta a shimfiɗe daga farko har ƙarshe kamar karatun sanarwa, don haka ya saurari gwanaye biyu ko uku kafin ya zauna.

Kuɗinta kamar na Mozart ne. Ƙarkonta ya gaza nasa, gaskiya, ba kasafai gwanaye ke sa ta a manyan taruka ita kaɗai ba. Amma tana ba ka abin da sauran biyun ba za su ba ka da wuri ba: ka ce na gama sonata, daga farko har ƙarshe.

Mai hasken wata, Op. 27 ta biyu

Beethoven bai taɓa jin wannan suna ba. Wani marubuci ɗan Berlin, Ludwig Rellstab, shi ya kwatanta babin farko da hasken wata a kan tafkin Lucerne na Suwizalan, kuma sai bayan rasuwar mai ita sunan ya bi ta. Abin da shi ya rubuta a kanta da Italiyanci shi ne sonata mai kama da kiɗan da aka ƙaga nan take. Ya gama ta a 1801, aka buga a 1802. A 1801 ɗin ne ya fara gaya wa amininsa likita Franz Wegeler a wasiƙa cewa kunnensa yana mutuwa, a Oktoba 1802 kuma ya rubuta wa 'yan'uwansa wata takarda mai ban tausayi daga ƙauyen Heiligenstadt, yana kukan kurumtarsa.

Ya sadaukar da ita ga ɗalibarsa Giulietta Guicciardi, 'yar gidan sarauta, wadda ake kyautata zaton ya so, ta kuma auri wani a 1803. Daga nan aka gina tatsuniyar cewa wasiƙar soyayya ce. Ita Giulietta da bakinta, bayan ta tsufa, ta ce wani kiɗan daban ya fara ba ta, ya karɓe don zai ba wata, sannan ya musanya mata da wannan. Ɗalibinsa Carl Czerny kuma ya ruwaito cewa yawan zancenta har haushi yake ba Beethoven, yana cewa ai ya yi waɗanda suka fi ta.

Abin da ya shafi mai zaɓi shi ne wannan ba don masu koyo aka yi ta ba. Ya juya tsarin: ya fara da mai sanyi, ya bi da gajere mai matsakaicin sauri, ya ajiye guguwar a ƙarshe. Mafi yawan masu cewa suna son mai hasken wata babin farko suke nufi, wasu ba su ma san da sauran ba.

Mu koma kan maɓallan nan 7. A gaɓa ta farko hannun hagu yana kan C mai kaifi, baƙin maɓallin da ke bin C, tana nan a fiyanonka. A gaɓa ta biyu ya sauka zuwa B na ƙasa, kuma in mai 61 gare ka, ƙaramin yatsanka kan roba zai sauka, babu maɓalli a wurin. Gaɓa ta uku da ta huɗu sun ƙara nitsewa. Wannan kaurin na ƙasa shi ne ran kiɗan, in ka cire shi ka cire gishiri. Kenan sai mai maɓalli 76 ko 88, kuma in da hali mai nauyi irin na fiyanon katako, kamar Yamaha P-45, wanda kuɗinsa yakan ninka na ƙaramin PSR ko ya fi. Feda kuma dole ce. Beethoven ya rubuta a kaɗa babin gaba ɗaya a tausashe tare da barin igiyoyin suna amsawa. A fiyanonsa mai saurin mutuwar sauti hakan yana yin kyau, a na yanzu kuwa in ka danne feda ka bar ta komai sai ya cakuɗe, dole ka riƙa sakinta duk inda haɗin sautin ya canja.

Yatsun ba sa gudu a babin farko, shi ya sa ake raina shi. Amma karatunsa yana da wuya, baƙaƙen maɓallai 4 ne a ƙa'idarsa, ga wasu alamu na ƙari a kusan kowane layi. Hannun dama aiki biyu yake yi lokaci guda: babban yatsa da maƙwabtansa suna uku-uku a ɓoye, ƙaramin yatsa, mafi rauni, shi ke rera karin a sama. Akwai wuraren da hannu zai buɗe tazarar farin maɓalli tara. Mai ƙaramin hannu da ya dage a nan yana iya kwana da ciwon wuyan hannu.

Babi na uku kuwa wata duniya ce. Kusan gaɓa 200 na gudu ba hutawa, sautuka suna tasowa daga ƙasa kamar an kunna wuta a ciyawa, su je sama su fashe da bugu biyu. Wannan aikin wanda ya shekara da yawa ne ƙarƙashin malami. Wanda ya afka masa da ƙarfin tuwo, yana ɗaure kafaɗa da dantse, jijiya yake saya wa ciwo. Da zarar ka ji zafi ko yatsa ya yi sanyi, tashi daga kan fiyanon.

Ƙarko? Babin farko zai bi ka har tsufa, kuma shi kaɗai a cikin ukun ne wanda in ka kaɗa a falo mutane za su yi shiru. Sai dai ba ya gina yatsu. Na ga masu kaɗa shi da daɗi waɗanda ba sa iya gaɓa ta biyar ta Mozart.

| Ma'auni | Mozart K. 545 | Beethoven Op. 49/2 | Mai hasken wata |
|---|---|---|---|
| Lokacin tsarawa | 1788 | wajen 1795–1796 | 1801 |
| Fitowa a bugu | 1805 | 1805 | 1802 |
| Babi | 3 | 2 | 3 |
| Wa aka yi wa | masu koyo | ɗalibai da abokai | gwani |
| Fiyano | 61 ya isa a fara | 61 ya isa a fara | 76 ko 88, da feda |
| Karatu | mai sauƙi | mai sauƙi | mai wuya |
| Yatsu | matsakaici, ba ta ɓoye kuskure | mafi sauƙi | na farko matsakaici, na uku mai tsanani |
| Ƙarko | mafi yawa | matsakaici | babba, amma ba ta gina gudu da wuri |
| Babban haɗari | karyewar zuciya | kaɗawa a shimfiɗe | ciwon hannu, barin ta rabi |

Wani zai ce ina Haydn. Yana nan, kuma an fi cutarsa da mantuwa. Sonatarsa ta C mejo da kamfanin Artaria ya buga a 1780, cikin shida da ya sadaukar ga 'yan'uwa mata biyu na gidan Auenbrugger, tana da raha, amma hannun hagunta yana uku-uku shafi bayan shafi har ya gaji. Ta fi dacewa ta zama ta biyu ko ta uku.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

In kai kaɗai kake koyo, fiyanonka mai 61 ne, kuma ba ka taɓa gama wani dogon kiɗa ba, ɗauki Op. 49 ta biyu. Fara da babi na biyu, ya fi saurin shiga kunne, sannan ka komo na farko.

In kana da malami, ko kana shirin jarrabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Landan ko ta ƙungiyar MUSON ta Legas, Mozart ce taka, amma duba jerin kaɗe-kaɗen shekarar tukuna domin yana canjawa. Fara da babi na biyu, ka riƙa yin hawa da sauka na C da G da F kullum kafin ka taɓa na farko.

In ka daɗe kana kaɗa wa mawaƙa da kunne, hannunka ya saba da haɗa sautuka amma idonka bai saba da takarda ba, Mozart za ta fi yi maka amfani, domin za ta tilasta wa hagunka barin dafe-dafen da ya saba.

In babba ne kai, ba jarrabawa kake nema ba, abin da kake so shi ne ka zauna da dare ka kaɗa wa kanka abin da ya sa ka sayi fiyanon tun farko, kuma kana da mai 88 da feda, ɗauki babin farko na mai hasken wata, ka ƙara da na biyu in ya samu, ka bar na uku sai malami ya ce lokaci ya yi.

In kuwa ka buɗe duka ukun ka ga layin farko ma yana ɗaukar ka rabin sa'a, koma kan ƙananan sonatoci shida na Muzio Clementi, Op. 36, da aka buga a Landan a 1797. Ta farkonsu 'yan shafuka ce, a kan C mejo, kuma daga ita zuwa Op. 49 taku ɗaya ne ko biyu.